Tara Harsashi Domin Tsoron Yankewarsa a Ƙasar Amurka

Daga cikin al'amuran mutanen Amurka waɗanda baƙo ba ya saurin gane kansu, ko da kuwa ya daɗe yana bibiyar labarinsu, akwai wata ɗabi'a da takan motsa musu bayan 'yan shekaru, ta yadda da zarar an ji ƙishin-ƙishin za a sake shugaba, ko majalisa za ta taɓa dokar makamai, ko wata fitina ta kunno kai a gida ko a ƙetare, sai ka ga mutanen gari, manomi da makanike da malamin makaranta da tsohon soja, sun yi cincirindo a kantunan sayar da kayan farauta suna kwasar harsashi kwali-kwali, har a wayi gari kantar da aka saba gani maƙil ta zama wayam, ta kuma zauna a haka wata da watanni. Wanda ya taso a inda ba a ganin harsashi sai a ɗamarar soja ko ɗan sanda zai yi zaton shirin yaƙi ake yi. Alhali kuwa galibin wannan harsashi ƙarshensa jikin takardar gwajin saiti ne, ko gwangwanin da aka jera a bayan gona, ko barewa a lokacin farauta, ko kuwa ya kwanta cikin akwatin ƙarfe a ɗakin ƙasa har mai shi ya mutu magada su tarar da shi. Mas'alar da ta cancanci a tsaya a kanta ita ce, shin mai wannan tanadi mutum ne mai hangen nesa wanda ya ga hadari ya shigar da shanyarsa, ko kuwa shi da ire-irensa su ne sababin yankewar da suke gudu?

Wannan tsoro yana da asali a tarihinsu, kuma rashin adalci ne a ɗauke shi wahami tsagwaronsa. A ranar 1 ga Satumba, 1774, tun ƙasar tana ƙarƙashin Ingila, Janar Thomas Gage ya aika da soja suka kwashe albarushin da aka adana a wani runbu kusa da Boston, a wata na gaba kuma Sarki George na Uku ya hana fitar da makamai da albarushi daga Ingila, sa'an nan a ranar 19 ga Afrilu, 1775, ayarin sojan da aka tura garin Concord domin ya lalata kayan faɗan da mutanen wurin suka ɓoye shi ne ya yi karon da ya buɗe yaƙin neman 'yancin kai. Saboda haka tun yaro yana makaranta ake sanar da shi cewa hukumar da take son ta karya jama'a ba lalle ne ta bi gida-gida tana karɓar bindiga ba, ya ishe ta ta riƙe abin da ake ɗura wa bindigar. Gyara na biyu da aka yi wa tsarin mulkinsu a 1791 ya tabbatar wa mutum haƙƙin riƙe makami, dokar tarayya kuwa, musamman bayan sassaucin da aka yi mata a 1986, ba ta ƙayyade yawan harsashin da mutum zai saya ba, ba ta kuma wajabta wa mai kanti ya rubuta sunan mai saye ba, illa dai ta shar'anta shekara 18 ga mai sayen harsashin doguwar bindiga, da 21 ga na ƙaramar bindiga, ta kuma hana wasu jinsin mutane, kamar waɗanda aka taɓa kamawa da babban laifi. A yawancin jihohi mutum yana iya yin oda ta intanet a sauke masa kwali mai ƙwaya 1,000 a ƙofar gida. Inda saye ya yi sauƙi haka, to, kwasa ma sauƙi gare ta.

Ba za a fahimci dalilin da ya sa kayan yake yankewa ba sai an ɗauki harsashi guda an dube shi. Abu huɗu ne aka haɗa a cikinsa: kwanso na tagulla, wadda ita kanta gamin jan ƙarfe ce da tutiya; albarushi marar hayaƙi, wanda ake yi da auduga ko ɓargon itace da aka dafa cikin ruwan asid; ƙwayar da ke fita, wadda cikinta dalma ce da aka gauraya da ɗan antimoni domin ta yi tauri, aka kuma lulluɓe ta da jan ƙarfe; sai kuma ɗan ƙanƙanin ƙoƙon nan da ke liƙe a gindin kwanso, wanda allurar bindiga take bugawa idan an ja kunama, shi kuma ya tashi da wuta ya kunna albarushi. Wannan na huɗun, da bai kai ƙwayar wake ba, shi ne maƙoshin sana'ar duka. Sinadarin da ake ɗura masa mai tsananin saurin fashewa ne, har ba a iya sarrafa shi sai yana jiƙe, kuma har yau a manyan masana'antu ma'aikaci ne yake tsayawa da hannunsa yana shafa wannan jiƙaƙƙen kwaɓi a kan faranti mai ɗaruruwan ƙananan huji, a cikin gini da aka ware nesa da sauran, aka ƙayyade yawan mutanen da za su shiga da yawan kwaɓin da za a ajiye a lokaci guda. Wannan taka-tsantsan ba na banza ba ne, domin a Afrilun 2017 wurin haɗa wannan sinadari ya fashe a masana'antar soja ta Lake City da ke jihar Missouri, ma'aikaci guda ya rasa ransa. Manyan kamfanonin da suke yin wannan makunni a Amurka huɗu ne, Federal da CCI da Remington da Winchester, su huɗun nan kuma tun daga ƙarshen 2020 a hannun iyayen gida biyu kacal suke. Ƙaramin kamfani yana iya sayen injin cura kwanso da na ɗura albarushi, amma makunni dole ya je ya roƙa a wurin manyan da yake takara da su, su kuwa idan kasuwa ta yi zafi nasu injin za su fara ciyarwa.

Yankewar farko da mutanen wannan zamani suke tunawa ita ce wadda ta biyo bayan zaɓen Barack Obama a Nuwamban 2008, sa'ad da masu bindiga suka yi zaton sabon shugaba zai ɗora haraji mai nauyi a kan harsashi ko ya hana wasu nau'o'insa. Bai yi ba a lokacin, amma kanta ta bushe har cikin 2009. Wadda ta fi ta tsanani ta zo ne bayan musibar 14 ga Disamba, 2012, ranar da wani saurayi ya shiga makarantar firamare ta Sandy Hook a jihar Connecticut ya kashe yara 20 da manya 6. Ƙasar ta girgiza, aka shigar da ƙudurorin tsananta doka a majalisa, masu bindiga kuwa, tun ba a gama jana'iza ba, suka dira kantuna. A Afrilun 2013 ƙudurin ya faɗi a majalisar dattawa, wato abin da ake tsoro bai auku ba, amma duk da haka ƙarancin bai yaye ba, kuma abin mamaki, harsashin da ya fi kowane daɗewa a ɓace shi ne mafi ƙanƙanta da arha, wanda suke kira .22, na harbin zomo da kurege da koya wa yara saiti, wanda babu wani ɗan majalisa da ya taɓa kawo maganar hana shi da gaske. Sai da aka yi shekara uku zuwa huɗu kafin a koma ganinsa a kanta yadda aka saba.

A waɗannan shekaru an ga abin da ya isa a ba da labari. Manyan kantuna, har da Walmart, suka sa ƙa'idar kwali uku ga mutum guda a yini. Mutane suka haddace ranar da motar kaya take zuwa kowane reshe, tun da asuba dattawan da suka yi ritaya, waɗanda ba su da ofishin da zai tsare su, sukan zo da kujerun naɗewa da kofin shayi su zauna a gaban sashen kayan farauta, wani ya taho da matarsa, wani da surukinsa, domin kowane kai kwali uku ne. Yaron kanti ya turo kura, ya yanke kwalin, kafin ya jera komai a kanta an raba an watse, ta yadda ma'aikacin da ya taso daga aiki da yamma ba zai tarar da komai ba sai takardar farashi tana reto. Ranar Asabar kuwa sai a ga waɗannan kwalaye a kan tebur a kasuwar baje kolin bindigogi, ko a shafukan gwanjo na intanet, an ninka kuɗinsu sau biyu ko sau uku. Wanda ya saya da tsada ya rantse ba za a sake yi masa haka ba, ranar da ya dace da kaya a kanti shi ma ya kwashe iyakar abin da aka yarje masa, ko da yana da na shekara a gida.

A nan lissafi ya fi hujja kaifi. Ƙungiyar masu sana'ar bindiga da harsashi ta ƙasar, NSSF, ta ƙiyasta cewa harsashin da aka ƙera domin kasuwar Amurka a 2018 ya kai kimanin biliyan 8.7, kuma wajen kashi ɗaya bisa uku na baligan ƙasar suna cewa sun mallaki bindiga, wato mutum miliyan 80 ko kusa da haka. To, mu ƙaddara, bisa misali kawai, cewa rubu'insu, mutum miliyan 20, kowanne ya yi niyyar ƙara ƙwaya 500 a kan abin da ya saba saye, wanda a .22 kwali guda ne da za a riƙe da hannu ɗaya. Jimla biliyan 10 ke nan, fiye da abin da masana'antun duka suke fitarwa a shekara. Ba a bukatar maƙarƙashiya ko wani azzalumi a ɓoye kafin kanta ta bushe. Ya isa kowa ya yi abin da shi a ganinsa ɗan kaɗan ne. Mai karatu da ya taɓa kwana a layin gidan mai ya san wannan da jikinsa: da zarar an ce mai zai yi wuya, wanda ya saba shan na kwana biyu sai ya cika tanki ya kuma kawo jarka, man da zai wadaci gari mako guda ya ƙare kafin azahar, 'yan bumburutu kuma su fito bakin titi. Sa'an nan abin yana ƙara kumbura yayin da yake hawa sama, domin mai kanti da ya ga ana ba shi rabin abin da ya nema sai ya nemi ninki biyu, daga dillalai uku, dillali shi ma ya yi haka ga masana'anta, har littafin oda ya cika da buƙatar da rabinta inuwa ce. A Nuwamban 2020 kamfanin Vista Outdoor, ɗaya daga cikin iyayen gidan nan biyu a lokacin, ya sanar da masu hannun jarinsa cewa odar harsashin da ke jiransa ta haura dala biliyan 1, aikin fiye da shekara guda.

Mai hankali zai tambaya, idan ciniki ya buɗe haka, me ya hana masu masana'anta su ƙara gini su ƙara inji? Amsa ita ce sun taɓa ƙonewa. Injin harsashi ba a kanti ake sayensa ba, sai an yi oda an jira, a gina masa wuri, a sami izinin hukuma game da abin fashewa, a horar da ma'aikata, kuma kafin a gama wannan duka shekara ta wuce, wataƙila biyu, ribar da ke cikin ƙwayar .22 kuwa ba ta taka kara ta karya ba. Sun kuma san cewa buƙatar da tsoro ya haifa tana mutuwa ranar da tsoron ya mutu, har ma ta bar bashi, domin wanda ya tara na shekara biyar ba zai sake leƙo kanti ba sai ya cinye. Haka kuwa aka yi. Da Donald Trump ya ci zaɓe a Nuwamban 2016, alhali masu sana'ar sun cika runbuna suna jiran nasarar Hillary Clinton da rububin da zai biyo baya, sai kasuwa ta faɗi warwas, Federal ta sallami ma'aikata a masana'antarta ta Anoka a jihar Minnesota a 2017, Remington kuwa, kamfanin da aka kafa tun 1816, wanda bashi da shari'o'i suka riga suka yi wa katutu, ya shiga kotun fatara a 2018, ya sake komawa a Yulin 2020. Abin da suke yi idan rububi ya zo shi ne su sa injin da ke akwai ya yi aiki dare da rana, su kuma daina canja masa saiti, su tsaya a kan nau'o'in da aka fi nema, kamar 5.56 da 9mm, saboda kowane canjin saiti yana cin sa'o'i. Wannan shawara, mai ma'ana a wurin ɗan kasuwa, ita ce take jefa maharbin ƙauye cikin wahala, kamar yadda za a gani.

Shekarar 2020 ta tara sabubba waɗanda kowanne shi kaɗai ya isa: annobar korona da kullen da ta jawo a Maris, tarzomar da ta biyo bayan kisan George Floyd a Minneapolis a ƙarshen Mayu, da zaɓe mai zafi a Nuwamba, ga kuma masana'antar Remington ta Lonoke a jihar Arkansas tana tafiyar hawainiya saboda fatara daidai lokacin da aka fi bukatarta. Binciken da hukumar FBI take yi a kan masu neman bindiga ya kai miliyan 39.7 a shekarar, daga miliyan 28.4 a 2019, ko da yake ba kowane bincike ne yake nufin an sayi bindiga ba, NSSF kuma ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 8.4 ne suka sayi bindiga karon farko a rayuwarsu. Farashin harsashin da aka fi nema ya ninka, wani har sau uku. Zargi ya yi yawa, ana cewa kamfanoni suna ɓoye kaya ko sun daina aiki, har ta kai shugaban Federal, Jason Vanderbrink, ya fito a wani bidiyo a Disamba, ransa a ɓace, yana zagayawa cikin masana'anta injuna suna ruri a bayansa, ya yi wa jama'a lissafi cewa sababbin masu bindiga miliyan 7, kowanne da kwali biyu kacal, ƙwaya miliyan 700 ke nan da babu wanda ya yi tanadinsu.

Zargin ɓoyayyen hannu tsohon abokin tafiyar wannan al'amari ne. A 2013 labari ya game ƙasar cewa Ma'aikatar Tsaron Cikin Gida tana sayen harsashi fiye da biliyan guda domin ta busar da kasuwa, ko ma domin ta shirya wa talakawa. Da ofishin binciken kuɗi na majalisa ya yi tahƙiƙi, rahotonsa na farkon 2014 ya nuna cewa sayen ma'aikatar raguwa ma ya yi tun daga 2009, kuma manyan alƙaluman da ake yayatawa iyakar abin da kwangila ta halatta a saya ne cikin shekaru, ba abin da aka saya ba. A Oktoban 2023, bayan ɓarkewar yaƙin Gaza, wata jita-jita ta ce masana'antar Lake City, wadda take sayar wa farar hula rarar abin da soja bai ɗauka ba, ta soke odar 'yan kasuwa, cikin 'yan kwanaki farashin 5.56 ya yi tsalle, sa'an nan ya sauko da kansa da aka ga kaya bai fasa zuwa ba.

Sai dai wajibi ne a ba mai tanadi haƙƙinsa, domin wasu daga cikin abin da yake tsoro sun tabbata. A Agustan 2021 gwamnatin Joe Biden ta sanar da daina ba da sabon izinin shigo da harsashin Rasha, a matsayin horo saboda gubar da aka sa wa ɗan adawar Rasha Alexei Navalny, da haka aka toshe mashigar ɗaruruwan miliyoyin harsashi mai kwanson baƙin ƙarfe, mai arha, wanda masu bindigogi samfurin AK da SKS suka dogara da shi. Wanda ya tara irin wannan harsashi, wato 7.62, kafin wannan rana bai yi asara ba. Jihar California, bisa ƙuri'ar jama'a ta 2016, ta fara binciken mai sayen harsashi daga 1 ga Yuli, 2019, New York ta bi sahu a 2023, Walmart kuma ta daina sayar da wasu nau'o'i a 2019 bayan kisan da aka yi a reshenta na El Paso. Yaƙin Ukraniya ya sa masana'antun harsashin igwa na Turai da Amurka suna wawason sinadarin albarushi, wanda tushensa ɗaya ne da na maharbi, a Disamban 2024 kuma ƙasar Sin, wadda ta fi kowa haƙo antimoni, ta hana sayar wa Amurka da shi. Waɗannan sabubba ne na haƙiƙa. Amma wanda ya auna zai ga cewa kowannensu ya taɓa wani nau'i ne, ko wata jiha, ko ya ɗaga farashi da wani gwargwado, babu ɗayansu da ya share kantunan ƙasar baki ɗaya na tsawon shekara kamar yadda rububin 2013 da na 2020 suka yi.

Mutanen Amurka ba su san da zaman littattafanmu na fiƙihu ba, amma ni ban ga ma'aunin da ya dace da wannan mas'ala kamar faraƙin da fuƙaha'u suka yi tsakanin tanadi da ihtikari ba. Sun halatta wa mutum ya ajiye wa iyalinsa abincin shekara, suna kafa hujja da aikin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba su kuma ga wannan ya saɓa wa tawakkali ba. Amma masu sharhin hadisi sun yi sharaɗi cewa idan daga kasuwa zai saya, to, a lokacin yalwa ne, in kuwa lokacin ƙunci ne kada ya ɗauki abin da zai ƙuntata wa jama'a, sai dai na 'yan kwanaki ko na wata. Malikiyya kuma ba su taƙaita hanin ihtikari a kan abinci ba, sun game shi a kan duk hajar da ɓoye ta zai cutar da kasuwa. Idan aka ɗora al'amarin a kan wannan sikeli sai ya rabu gida uku. Akwai wanda ya san abin da yake harbawa a shekara, ya riƙa sayen kwali ɗaya ko biyu a shekarun arha irin 2018 da 2019, lokacin da masana'antu suke neman mai saye ido rufe. Wannan bai cuci kowa ba, hasali ma ya taimaka wajen riƙe ma'aikata a bakin aiki, kuma ranar rububi yana gida, bai ƙara tsawon layi ba. Akwai wanda bai farka ba sai da ya ga kanta ta fara bushewa, sa'an nan ya zo da katin bashi ya kwashi abin da ba zai harba ba cikin shekara goma. Wannan uzurinsa tsoro ne, amma aikinsa shi ne ainihin cutar. Na uku shi ne mai kujerar naɗewa wanda yake saye domin ya sayar da ninki, shi kam sunansa a littafi sananne ne. Abin lura shi ne dukansu uku da kalma guda suke kiran abin da suke yi, wato shiri, kuma na biyu da na uku sukan fake da hujjar na farko.

Wanda ya fi shan wuya a cikin wannan duka shi ne mutumin da ba ya cikin kowane rukuni, maharbin da yake da tsohuwar bindigar gado samfurin .30-30 ko .270, wanda kwali guda mai ƙwaya 20 yake isarsa shekara, ya gwada saiti da biyar, ya kashe barewa ɗaya ko biyu ya cika firjin gidansa da naman hunturu. Irin harsashinsa akan yi shi ne zubi ɗaya ko biyu a shekara gabanin kaka, kuma shi ne farkon abin da masana'anta take jinginewa idan injuna suka koma kan 5.56. A kakar 2020 da ta 2021 irin waɗannan mutane sun yi ta zagaya garuruwa suna neman kwali guda. Masu ɗura harsashi da kansu a gida, waɗanda suke tsince kwanson da suka harba su wanke su sake cikawa, suna taƙama cewa su kam kanti bai dame su ba, su ma sun tarar ba su tsira ba, domin makunni ya ɓace kafin komai. Wasu rundunonin 'yan sanda ma sai da suka rage atisayen harbi saboda odarsu ta yi jinkiri.

Abin da ya sa tarawa take da sauƙin shiga rai shi ne harsashi ba ya ruɓewa. Maƙiyansa zafi ne da laima da maiƙo, idan kuwa aka sa shi cikin akwatin ƙarfe irin na soja mai roba a bakin murfi, aka ajiye a wuri mai sanyi marar danshi, yana iya shekara hamsin yana tashi, har yau ana harba wanda aka yi a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu. Gobara ma ba ta mai da shi abin da ake zato, domin gwaji ya nuna harsashin da ba ya cikin bindiga fashewa yake yi ya tarwatsa kwanso, ƙwayar ba ta tafiya da ƙarfin kisa. Haɗarinsa na gaske yana wajen wanda hannunsa zai kai gare shi. A 2021 mutum 48,830 ne suka mutu ta hanyar bindiga a Amurka, 26,328 daga cikinsu su ne suka kashe kansu, kuma wannan ba ya bukatar kwali dubu, ƙwaya guda ta isa. Saboda haka likitoci suka fi damuwa da a kulle bindiga ba a ɗure ba, a kulle harsashi a wani wuri dabam, fiye da damuwarsu da yawan abin da aka tara.

Kada mai karatu a Kano ko Gusau ya yi ƙiyasi a kan wannan, domin illar hukuncin ba ɗaya ba ce. A Nijeriya Dokar Makamai ta 1959 ta haramta riƙe harsashi sai ga mai lasisin bindigar da ake ɗura wa shi, bindigogin yaƙi kuwa izininsu a hannun shugaban ƙasa yake, kuma buhun harsashin da ake kamawa a kan hanyar Zamfara ko Katsina kowa ya san dajin da ya nufa.

Akwai wata riba guda da rububin yake jawowa wadda masu yinsa ba su nufa ba. Tun 1937, bisa dokar da ake kira Pittman-Robertson, ana karɓar haraji a kan dogayen bindigogi da harsashi daga hannun masu ƙerawa, wanda yanzu kashi 11 ne cikin 100, a raba wa jihohi domin kula da namun daji da sayen dazuzzuka da koyar da ƙa'idar farauta, kuma da wannan kuɗi aka farfaɗo da barewa da talo-talon daji bayan sun kusa ƙarewa a farkon ƙarni na 20. Kowace shekarar tsoro takan cika wannan asusu. Bayan cinikin 2020 da 2021, rabon da jihohi suka samu a 2022 ya haura dala biliyan 1, mafi yawansa kuwa daga sayayyar da ba da niyyar farauta aka yi ta ba.